Motsi Ya Fi Laɓewa: Abin Da Lantarkin Ƙwaƙwalwa Ke Faɗa A Kan Mace Da Namiji

Duk wanda ya san kasuwar Suk al-Arabi ta Khartum kafin yaƙin 2023 ba zai manta da safiyarta ba. Ana idar da sallar asuba a Babban Masallacin Khartum, kasuwa ta farka. Motocin haya daga Omdurman da Bahri suna ta juye mutane. Yara masu tura baro, wanda a can ake kira dardaga, suna kutsawa tsakanin rumfuna. 'Yan dako suna sassarfa da buhu a kafaɗa, gumi na tsiyaya tun rana ba ta yi zafi ba.

A gindin bango kuwa, mai shayi ta riga ta hura gawayi, ta jera kwalaben sukari da citta da kirfa da na'ana'a, ta zauna a kan 'yar kujerarta. Daga wannan zama sai la'asar sakaliya. Da yamma hayaƙin agashe ya turnuƙe, tsiren nan da Hausawa suka kai Sudan har ya zama abincin kowa.

Ɗan dako bai zauna ba, mai shayi ba ta tashi ba, kuma dukkansu a gajiye za su koma gida. To da za a ɗauki mace da namiji daga cikin mutanen nan, a sa su tafiya da sauri na minti ashirin, sannan a saurari abin da ke gudana a cikin kawunansu, abu ɗaya za a ji? Masana sun daɗe suna bin sawun wannan tambaya, kuma amsarta ta shafi kowane gida daga Khartum har Kano.

Jikokin masu tafiya a ƙasa

Hausawan Sudan da ƙafa suka zo. Shekaru aru-aru alhazai suna barin Kano da Katsina da Sakkwato, su ratsa Borno da Wadai da Darfur, suna nufin Makka. Tafiyar takan ci shekaru, wasu su yada zango a hanya su yi noma, zangon ya zama gida. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya jagoranci jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar.

A cikin ayarin nan ba maza kaɗai ba ne. Mata sun tako wannan hanya da goyo a baya da kaya a ka. Da suka zauna kuma, daka da niƙa da ɗiban ruwa da aikin auduga a Jazira ba su bar jikinsu ya huta ba.

Yau injin niƙa ya karɓi aikin dutse, famfo ya karɓi na rijiya, raksha a Omdurman da adaidaita-sahu a Kano sun karɓi na ƙafa. Sauƙi ne, kuma babu mai son a koma wahalar da. Amma jiki ya yi asarar wani abu, ƙwaƙwalwa ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 kusan kashi ɗaya bisa uku na manyan duniya ba sa motsa jiki yadda ya kamata: mata kimanin kashi 34 cikin ɗari, maza kimanin 29.

Wutar da ke cikin kai

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kuma da 'yar ƙaramar wutar lantarki suke aika wa juna saƙo. Nauyinta bai wuce kashi biyu cikin ɗari na jiki ba, amma tana cin kusan kashi ashirin na kuzarin da jiki ke ƙonawa a lokacin hutu.

Wani likitan Jamus, Hans Berger, shi ya fara ɗaukar wannan lantarki daga kan mutum a garin Jena a 1924, ya bayyana aikinsa a 1929. Na'urar da ta samo asali daga nan ita ake kira EEG. Ana manna 'yan ƙananan faifai na ƙarfe a fatar kai da wani mai mai danƙo, wayoyi su kai saƙon ga kwamfuta, ita kuma ta zana shi kamar igiyar ruwa. Ba ta sa wa mutum wuta, saurare kawai take yi.

Igiyoyin nan suna da sunaye gwargwadon saurinsu. Delta ce mafi nawa, ita ke mamaye kai a barci mai nauyi. Tita tana bayyana a gyangyaɗi da wasu ayyukan tunani. Alfa tana kaɗawa kamar sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa, tana ƙarfi idan mutum ya rufe ido ya natsu. Bita ta fi su sauri, ita ce ta mai lissafi da mai sa ido, kamar ɗan kasuwa yana ƙirga canji.

A ƙasashenmu, galibi mai farfaɗiya ne kaɗai ke haɗuwa da wannan na'ura, shi ma sai a manyan asibitocin koyarwa. A wasu ƙasashe kuwa, da ita ake bibiyar abin da barci da karatu da motsa jiki ke yi wa lafiyayyen mutum.

Me haki ke yi wa ƙwaƙwalwa?

Motsa jikin da ake magana a kai shi ne mai sa haki ba tare da ya gagari mutum ba: tafiya da sauri, sassarfa, tuƙa keke, iyo, tsallen igiya. Alamarsa ita ce zuciya ta ƙara bugu, mutum yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba.

A 2004 masana biyu a Jami'ar Jojiya ta Amurka, Crabbe da Dishman, sun tattara binciken da aka yi kafin su. Sun ga lallai alfa tana ƙaruwa bayan motsa jiki, amma sauran igiyoyin ma suna ƙaruwa. Ke nan ba natsuwa kaɗai haki ke kawowa ba, ƙwaƙwalwa gaba ɗaya ce ke farkawa.

A 2009 Charles Hillman na Jami'ar Ilinoi ya sa yara ashirin, masu shekara tara zuwa goma, tafiyar minti ashirin a kan injin tafiya. Bayan sun huce, alamar lantarkin da ke nuna mayar da hankali, wadda ake kira P3, ta fi ƙarfi a kan ranar da suka zauna kawai, kuma sun fi fahimtar abin da suka karanta.

A 2011 Kirk Erickson da abokan aikinsa suka bi tsofaffi 120 na tsawon shekara guda. Waɗanda suka riƙa tafiya sau uku a mako, sashen ƙwaƙwalwarsu mai ajiye sabon abin da aka koya, wato hifokamfus, ya ƙaru da kimanin kashi biyu cikin ɗari, a shekarun da aka saba ganin yana raguwa.

Dalilan a fili suke. Jini yana ƙara kwarara zuwa kai. Sinadaran da ke sa mutum ya wartsake suna ƙaruwa. Akwai kuma wani sinadari mai suna BDNF, wanda ke yi wa ƙwayoyin jijiya abin da taki ke yi wa shuka. Tun a 1995 aka nuna a jikin ɓeraye cewa gudu yana ƙara shi.

Inda mace da namiji suka rabu

Tun kafin a motsa, akwai ɗan bambanci a zanen. Bincike da dama sun nuna cewa a matsakaici bita ta fi ƙarfi a kan mata. A 2018 wani ayarin masana a Holan ƙarƙashin Michel van Putten ya koya wa kwamfuta karatun zanen mutane fiye da dubu, har ta riƙa gane ko na mace ne ko na namiji kamar sau takwas cikin goma. Igiyar bita ce ta fi yi mata jagora.

Sinadaran jikin mace ma suna da hannu. Istirojin yana zaburar da ƙwayoyin jijiya, furojestaron yana kwantar da su, kuma dukkansu suna hawa da sauka cikin wata. Likitocin farfaɗiya sun san wannan da kyau, domin kusan ɗaya bisa uku na mata masu cutar sukan ga tana yawan tashi a wasu kwanaki na al'adarsu. Ciki da jego da ɗaukewar al'ada kowanne yana sauya ma'aunin.

Sai kuma jiki. A matsakaici zuciyar mace ta fi ƙanƙanta, sinadarin jininta mai ɗaukar iska ya fi na namiji ƙasa da kusan kashi goma cikin ɗari. Idan aka sa mata da miji tafiya da sauri ɗaya, sau da yawa ita ta fi shi aiki. Idan aka ƙara da ƙarancin jini, wanda ke damun kusan mace uku cikin goma a duniya a shekarun haihuwa, kuma ya fi haka a yankinmu, tazarar sai ta ƙaru. Don haka idan zanen kawunansu ya bambanta bayan tafiyar, dole a fara tambaya: daga ƙwaƙwalwa ne, ko daga nauyin da kowa ya ɗauka?

Sakamako masu karo da juna

A nan ne masana suka rabu. Tun a 2003 Colcombe da Kramer suka lura cewa a binciken tsofaffi, inda mata suka fi yawa a nan amfanin motsa jiki ga tunani ya fi fitowa. A 2017 Cindy Barha da Teresa Liu-Ambrose na Jami'ar Biritish Kolombiya a Kanada suka sake tattara bincike, suka samu irin wannan: tsofaffin mata sun fi cin riba wajen tsara aiki da sarrafa hankali.

Amma a 2020 Sebastian Ludyga na Jami'ar Basel a Suwizalan ya tattara bincike tamanin da suka haɗa yara da manya, ya ga akasin haka. A nasa lissafin maza ne suka fi amfana, musamman idan ana ƙara tsananin motsa jikin sannu a hankali, yayin da ƙarin tsananin bai ƙara wa mata riba irin haka ba. Wani nazari na 2015 kuma ya nuna cewa BDNF na cikin jini bai cika tashi sosai ba a binciken da mata suka fi yawa.

A ɓangaren tsawon rai, labarin ya sake juyawa. Wani bincike da aka buga a 2024, wanda ya bi Amurkawa fiye da dubu ɗari huɗu, ya nuna ribar da namiji ke samu da minti 300 a mako, mace tana samun kwatankwacinta da kimanin minti 140.

Duk da wannan saɓani, akwai inda suka haɗu. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ce zama ya fi wa mace ko namiji alheri. Gardamar a kan wa ya fi cin riba ce, da irin motsin da ya fi dacewa da kowa.

Masu cewa a yi hattara

Akwai masanan da ke jan kunne kada a mayar da ƙaramin bambanci babbar katanga. A 2015 Daphna Joel ta duba hoton ƙwaƙwalwar mutane fiye da 1,400, ta ga yawancin mutane gauraye suke: wani sashe ya yi kama da abin da aka fi gani a mata, wani ya yi kama da na maza. A 2021 Lise Eliot ta bi binciken shekara talatin, ta nuna cewa ƙwaƙwalwar namiji ta fi girma da kimanin kashi goma sha ɗaya cikin ɗari, kamar yadda jikinsa ya fi girma, amma idan aka cire girman kai daga lissafi, abin da ya rage ɗan kaɗan ne.

Ita kanta na'urar tana da rauni. Kaurin ƙoƙon kai, yawan gashi, gumi, motsin wuya, har bugun zuciya, duk suna shiga cikin zanen. Galibin binciken da aka yi a kan lantarkin kai da motsa jiki kuma 'yan mutane kaɗan ne a ciki, yawancinsu ɗaliban jami'a. Ƙarfin igiya ba ma'aunin basira ba ne, kamar yadda ƙarar ganga ba ta nuna gwanintar makaɗi.

Babbar matsalar ita ce an daɗe ana auna maza ana yanke wa mata hukunci. Wani nazari na 2021 ya duba manyan mujallun kimiyyar wasanni daga 2014 zuwa 2020, ya ga mata kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai na waɗanda aka gwada, kuma binciken da aka yi a kan mata zalla bai wuce kashi shida cikin ɗari ba.

Kitso a ƙofar ɗakin bincike

Idan matan Turai sun yi ƙaranci a wannan fage, matanmu kusan babu su. Ɗaya daga cikin dalilan zai ba mai karatu mamaki: gashi. An ƙera faifan EEG ne da la'akari da gashi mai santsi. Gashinmu mai cika da nannaɗewa yana ɗaga faifan daga fata, saƙon ya raunana. Macen da ta kwana biyu da yin shuku ko zane, ko Basudaniya mai ƙananan kitson mushat, sai a ce ta tsefe, ko a bar ta a waje.

Wata ɗaliba baƙar fata a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Arnelle Etienne, ita ta juya matsalar ta zama magani. Ta lura cewa tsagar kitso hanya ce buɗaɗɗiya zuwa fatar kai. Sai ta tsara kitso da ke bin wuraren da ake manna faifan, ta ƙera 'yan maƙalai da ke kama jelar kitson su danne faifan a kan tsaga. Abin da mai kitso a Fagge ko Omdurman ke yi kullum, shi ya buɗe ƙofar.

Akwai kuma kunya da sutura. Mace mai lulluɓi ba za ta buɗe kanta ta hau keke a gaban baƙon namiji ba, kuma tana da gaskiya. Maganin wannan a hannunmu yake: mata ma'aikata, ɗaki na mata. Omdurman tana da Jami'ar Ahfad ta mata, wadda tushenta makarantar 'yan mata ce da Babikir Badri ya buɗe a Rufa'a a 1907. Jami'ar Khartum ta gaji makarantar likitanci tun ta 1924. Kano da Zariya da Sakkwato suna da asibitocin koyarwa. Masu ilmin ba su yi ƙaranci ba.

Bambancin da ya fi na ƙwaƙwalwa girma

Idan an bar ɗakin bincike an fito titi, bambancin ba ya buƙatar na'ura. Kafin yaƙi, saurayi a Khartum yana da ƙwallon unguwa da yamma, yana da kokawar Nuba a Haj Yusuf ranar Juma'a, yana da Al-Hilal da Al-Merrikh da zai yi koyi da su. Ya ga Isma'il Ahmad Isma'il ya ciyo wa Sudan lambar azurfa a gudun mita 800 a Beijin a 2008. Ƙanwarsa fa? Da ta fara girma, filin wasa ya rufe mata.

Sai ranar 30 ga Satumba, 2019 aka buɗe gasar ƙwallon ƙafa ta mata ta farko a filin wasa na Khartum. A watan Nuwamba na shekarar aka soke dokar nan ta kula da tarbiyyar jama'a, wadda ta daɗe tana takura wa mata a titi, har da masu sayar da shayi. A ƙasar Hausa kuwa akwai bakin mutane, kuma yakan fi doka kaifi.

Iyaye da mazajen da ke ɗari-ɗari suna da hujjarsu: tsaro, cakuɗuwa da maza, suturar wasanni da ba ta dace da tarbiyyarmu ba. Bai kamata a yi watsi da wannan damuwa ba. Amma addini bai hana motsin kansa ba. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta tsere masa, daga baya shi ma ya tsere mata. Safa da Marwa da kowane alhaji ke yi, tafiyar kimanin kilomita uku, sawun mace ake bi, Nana Hajara. 'Yan Tarun Nana Asma'u kuma da ƙafa suke zuwa daga ƙauyuka neman karatu.

Kada kuma a ce aikin gida ya wadatar. Tsayuwa a gaban murhu da zaman wanki suna gajiyarwa, amma ba lallai su sa zuciya bugun da ake nema ba. Haka dakon da ba hutu a cikin zafin da ya haura digiri arba'in: masana sun lura aikin ƙarfi na dole ba ya ba da irin ribar motsa jikin da mutum ya tsara wa kansa.

Bayan ƙarar bindiga

Ranar 15 ga Afrilu, 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Suk al-Arabi tana tsakiyar fagen: aka wawashe shaguna, wasu suka ƙone, kasuwar zinariya ta zama kango. Mutane fiye da miliyan goma sun bar gidajensu, yawancin asibitocin yankunan da ake faɗa suka daina aiki. Sai a watan Maris na 2025 sojoji suka karɓe tsakiyar birnin.

Masu komawa suna komawa da rashin barci da firgita da ciwon damuwa. Ko a lokacin zaman lafiya wannan ciwo ya fi kama mata da kusan rabi a kan maza, kuma kusan biyu bisa uku na masu cutar mantuwa ta Alzheimer mata ne. Wani babban nazari na 2024 da ya haɗa gwaje-gwaje fiye da ɗari biyu ya nuna tafiya da sassarfa suna rage ciwon damuwa ga mata da maza baki ɗaya. Ba za su maye gurbin likita da magani ga wanda ciwonsa ya yi tsanani ba, amma magani ne da ba a sayen sa, a ƙasar da kantin magani ya zama toka. Mutanen Zamfara da Katsina da Borno da suka ɗanɗana gudun hijira sun san wannan ciwo ba sai an ba su labari ba.

Abin da ya rage gare mu

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ɗaya ne ga mace da namiji: aƙalla minti 150 a mako na motsi mai sa haki, wato kamar rabin awa sau biyar. Ana iya yin sa a tsakar gida, a harabar makarantar Islamiyya bayan an tashi, ko a hanyar zuwa unguwa. A ƙasa mai zafi, bayan asuba ko gab da magariba ya fi, da ruwan sha a kusa. Mai ciki da mai hawan jini da mai ciwon zuciya su fara jin ta bakin likita. Mai yawan jiri da kasala ta je a auna jininta.

Masu sake gina Khartum su tuna da wurin tafiyar mata mai inuwa da tsaro tun a kan takarda, kafin a aza tubali. Hukumomin Kano da Katsina da Maraɗi su ware wa mata lokaci a filayen wasa, su dawo da darasin motsa jiki a makarantun 'yan mata. Jami'o'inmu su auna kawunan mutanenmu, da kitsonsu da zafin ƙasarsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maigida, kakarka da ƙafa ta ratsa Darfur. Ka ba matarka da 'yarka rabin awa da wurin takawa, in da hali ka taka tare da su.